Dublin a makon Ista: 'yan kartan Ayilan da mai kafet ɗin da ya cinye Las Vegas

Tun kafin in tashi Yaya ya ce min in dai zan zo to in daidaita zuwana da makon Ista, wai lokacin ne garin ke da abun kallo kuma yara suna hutun makaranta. Abun da bai faɗa min ba shine lokacin ne kuma kasuwarshi ke ci, don shi tasi yake ja a Dublin, babban birnin Ayilan, da daddare, saboda haka rabin yawon da na yi a garin nan ni kaɗai na yi shi a ƙafa da bas, sauran rabin kuma ina gaban mota yana ta ba ni labari kafin ya sauke ni ya fara ɗaukan fasinja. A watan Afrilun 2025 ne. Babu jirgin da ke tashi daga Najeriya kai tsaye zuwa can, ta Istanbul na bi, kuma ga masu tambaya, bizar Ayilan daban take, ba ta cikin Shengen, bizar nan ta bai ɗaya ta ƙasashen Turai, ba kuma ta Ingila bace, kowa da tashi.

Garin kam ba wani girma ne da shi ba, kogin Liffey ya raba shi biyu, ga sanyi ga yayyafi da baya sallama, yanzu rana yanzu ruwa. Na ga titin O'Connell da dogon ƙarfen nan mai tsini da suka kafa a tsakiyarshi mai tsawon mita 120, na ga babban gidan waya inda aka yi boren Ista na 1916 da ya zama mafarin rabuwarsu da Turawan Ingila, na shiga Moore Street na sayi gari da manja a shagunan 'yan Afirka saboda saƙon matar Yaya. Duk wannan duk wanda ya je zai faɗa muku. Ni abun da ya tsaya min a ido daban ne, shagunan caca. Wallahi kusan duk unguwar da ka shiga sai ka ga koren shagon Paddy Power ko shuɗin BoyleSports ko jan Ladbrokes, a jere da kantin magani da gidan burodi kaman ba komai ba, dattawa a ciki da hular sanyi da ɗan guntun biro sun ɗaga kai suna kallon dawaki a talabijin. Na ce Yaya wai su mutanen nan basu da aiki ne? Yace kai dai yaro bari, ai baka ga komai ba, bari Juma'a tazo in kai ka inda manyan suke.

Abun dariyan shine lokacin da na je, a takarda ƙasar nan bata yarda da gidan caca irin na Las Vegas, birnin cacar nan na Amurka, ba. Wata tsohuwar doka ce ta 1956 ta hana, sai mutane suka zagaye ta, suka riƙa buɗe wuraren da sunan kulob na membobi, ka zo ka cike fom ka nuna katin shaida ka zama memba a take, shikenan ka zauna ka buga. A irin waɗannan kulob ɗin ne duk manyan 'yan kartansu suka goge. Akwai wani shahararre da ake kira Fitzwilliam da ya rufe a ƙarshen 2019, har yanzu in ana hirarshi sai ka ji kaman gidan kakansu aka rushe.

Ranar Juma'a muka yi sallah a masallacin South Circular Road, wanda asalinshi coci ne musulmi suka saya a 1983, daga nan Yaya ya nufi Ballsbridge da ni, unguwar masu kuɗi da ofisoshin jakadanci, ya sauke ni a ƙofar RDS. Wani makeken fili ne na baje koli da wasan dawaki, a nan ake yin gasar poka, wato kartar caca, da suke kira Irish Open tun daga 2023. Nace Yaya daga masallaci sai gidan caca? Yace ai ba zama zakai ba, ido zaka ba abinci, kuma in ka kuskura ka taɓa aljihunka sai na kira Hajiya a waya yanzun nan. Ni dai matsayina a kan caca bai canza ba kuma ba zai canza ba, haramun ce, tare aka ambace ta da giya, kuma ikon Allah a zauren nan ma tare na same su don mashaya na gefe guda tana ta ciniki. Amma gani ya kori ji, kuma ina son in san me ke tara dubban mutane daga ƙasashe daban daban su zo su zauna a kujera awa goma suna kallon kati biyu.

Farkon abun da zai dake ka ƙara ce, ba ta magana ba, ta kwabban robar da suke wasa da su a hannu, ɗaruruwan tebura kowa na murza nashi, cakas cakas cakas ba tsayawa. Ga samari da hular sanyi da abun jin kiɗa a kunne, ga tsofaffi da jar fuska, ga mata jefi jefi, ga masu tausa suna bi kujera kujera ana biyansu da minti. Wasan kanshi ba wuya a fahimta. Mai rabawa zai ba kowa kati biyu a rufe, sai a buɗe guda biyar a tsakiyar tebur, uku a tare sannan ɗaya sannan ɗaya, a kowane mataki ana zuba kwabbai, wanda ya ga ba zai iya ba ya jefar da katinshi ya haƙura da abun da ya riga ya zuba. Wanda ya haɗa biyar mafi ƙarfi shi ke kwashewa, ko kuma wanda ya yi burga har kowa ya tsorata ya gudu ko da hannunshi ba komai. Burgar nan ita ce ran wasan. A gasa kuma kowa kuɗin shiga ɗaya yake biya, na babbar gasar Yuro 1,150 ne, wajen naira miliyan 2 a canjin lokacin, a baka kwabbai daidai da na kowa, in sun ƙare ka tashi. Haka za a yi ta zubewa kwana da kwanaki har a bar mutum ɗaya.

Ina tsaye a bakin igiyar da ta raba 'yan kallo da tebura sai wani dattijo da ke gefena ya dube ni ya dubi hulata ya tambaye ni daga ina. Nace Najeriya. Ashe an fitar da shi ne tun da rana, yana jiran abokinshi da suka zo tare daga Galway, kuma mutanen nan in dai hira ce to ka taɓo musu inda ke musu ƙaiƙayi. Shi ya fara jero min sunaye, sauran kuma na bi na karanta da daddare a gidan Yaya don in tabbatar ba shaci faɗi yake ba, kuma mafi yawa haka suke. Yadda yake ba da labarin mutanen nan sak yadda dattawanmu ke ba da labarin Shago da Ɗandunawa, wa ya kada wa, a wane gari, da wane hannu, shi bai je wurin ba amma kaman a gabanshi aka yi.

Tushen abun wani mutum ne Terry Rogers, mai karɓar cacar dawaki a Dublin. Ya je Las Vegas a ƙarshen shekarun 1970 ya tarar da gasar duniya ta poka da Benny Binion ke shiryawa a gidan cacarshi na Horseshoe, ya ga irin wasan da Amurkawa ke bugawa wanda ba a san shi a Turai ba, sai ya ɗauko shi ya kawo gida. A 1980 ya fara Irish Open a wani kulob nashi da ake kira Eccentric, shi yasa yau suke alfahari cewa bayan gasar duniya ta Las Vegas babu gasar irin wannan wasan da ta kai tasu daɗewa. Kuma wadda ta fara cinyewa mace ce, Colette Doherty, ta sake ci a 1991. Da Rogers ya mutu a 1999 sai abokinshi Liam Flood ya riƙe gasar, shima mai karɓar caca ne, shima ya ci ta sau biyu, 1990 da 1996, kullum cikin kwat da nakatayi, ya rasu a 2014. Ku lura fa, mutum biyun da suka kafa abun nan suka raine shi duk sana'arsu karɓar cacar wasu ce, wato su ne ke bayan kanta. Da na faɗa wa Yaya haka sai yayi dariya yace kura da shan bugu gardi da kwasar kuɗi kenan.

Sai gidan O'Dea, uba da ɗa. Uban, Donnacha, ɗan manyan 'yan wasan kwaikwayo ne, mahaifiyarshi Siobhán McKenna sunanta ya kai har Amurka, shi kuma ɗan ninƙaya ne da ya wakilci Ayilan a gasar Olamfik ta Meziko a 1968 kafin ya koma tebur. Ya zo na 6 a babbar gasar duniya a 1983, ya zo na 9 a 1991, a 1998 kuma ya ci munduwar zinare, ita ce kambun da ake ba duk wanda ya ci ɗaya daga cikin wasannin gasar duniya ta Las Vegas, kuma a wurinsu ta fi kuɗin daraja, ko dai haka suke cewa. Ɗan kuma, Eoghan, ya kai teburin ƙarshe a 2011 ya zo na 6 kaman babanshi, ya tashi da sama da dala miliyan 1.7, su ne uba da ɗa na farko da suka taɓa yin haka. Dattijon nan sai da ya dafa kafaɗata yana faɗa min wannan, kai kace 'ya'yanshi ne.

Amma wanda labarinshi ya fi kama ni Andy Black ne. Ɗan Belfast ne, ya zo Dublin karatun lauya a jami'ar Trinity, tsohuwar jami'ar nan ta 1592 da ke tsakiyar gari wadda 'yan yawon buɗe ido ke layi a ƙofarta, na shiga harabarta washegari ina ta kallon gine ginen dutse ina cewa wato a nan ciki yaron mutane ya koyi karta a ɗakin hutawar ɗalibai maimakon ya riƙe littafi. A 1997 ya je gasar duniya yayi nisa sosai, sai aka haɗa shi tebur ɗaya da Stu Ungar, Ba'amurken da da yawa ke cewa ba a taɓa yin gwani irinshi ba. Ungar ya ja shi da hira da wasa da dariya har ya saki jiki, sannan ya bi shi a hankali ya kwashe mishi kwabbai, Black ya fita a na 14, Ungar ya cinye gasar karo na uku. Abun ya tsaya wa Black a rai, ya koma a shekarar da ta biyo baya bai yi komai ba, kawai sai ya watsar da komai ya tafi Ingila ya shiga cikin mabiya addinin Buddha ya zauna da su shekara 5 yana zaman zuhudu irin nasu, babu karta babu komai. Shi kuwa Ungar da ya ci dala miliyan 1 a 1997, a watan Nuwamban 1998 aka tsinci gawarshi a wani ƙaramin masauki mai araha a Las Vegas, ƙwaya da caca sun cinye komai.

A 2005 sai ga Black ya dawo, cikin mutum 5,619 ya kai teburin ƙarshe, har akwai lokacin da kusan kashi ɗaya cikin uku na duka kwabban gasar na gabanshi, kowa ya gama cewa shine, sai kati ya juya mishi baya ya ƙare a na 5 da dala miliyan 1.75, wani ɗan Ostireliya Joe Hachem ya ɗauki kambun. Ni abun da ya ban mamaki ba kuɗin bane, mutum ya gudu shekara 5 ya je ya nemi natsuwa ya same ta ko bai same ta ba, ƙarshe dai teburin nan ya sake jawo shi. Na so in je Belfast ɗin in gani, awa biyu da 'yan mintuna ne a jirgin ƙasa daga tashar Connolly kuma babu shinge babu mai tsayar da kai a iyaka, amma can ƙasar Birtaniya ce, fam suke kashewa ba Yuro ba, kuma mai fasfo ɗin Najeriya sai da bizar Ingila, Yaya yace kar in soma, in aka yi rashin sa'a aka duba to nan gaba ko bizar Ayilan ɗin sai ta gagare ni. Daga Belfast ɗin ne kuma Marty Smyth ya fito, wanda ya ci Irish Open a 2007 ya kuma ci munduwa a Las Vegas a 2008. A siyasa an raba tsibirin biyu amma a wurin karta duk nasu ne, da tuta ɗaya ake musu ihu.

Na zamanin yanzu kuma wani iri ne, dattijon baya sonsu sosai, yace basa hira basa dariya, sai lissafi da kwamfuta. Wanda ya fi kowa tara kuɗin gasa a masu ɗauke da tutar ƙasar shine Steve O'Dwyer, haifaffen Amurka ne mai takardar zama ɗan Ayilan, ya ci babbar gasar Monte Carlo a 2013, ya ci Irish Open a 2022, abun da aka rubuta ya ci a rayuwarshi ya haura dala miliyan 30, amma har yanzu in ka tambayi tsofaffin sai su ɗan karkata kai su ce eh to, namu ne dai. Akwai kuma Dara O'Kearney da ya burge ni ta wani ɓangaren, ɗan gudun dogon zango ne, irin masu gudun da ya wuce na fanfalaki, sai da ya haura shekara 40 ya fara karta, ya ƙware a ƙananan gasannin da ake shiga da kuɗi kaɗan don a ci kujerar babbar gasa. Da yawan mutanen da ke zauren nan ta wannan hanyar suka shigo, ba wai sun zaro Yuro 1,150 daga aljihu bane.

To amma a nan ne fa ya kamata mai karatu ya buɗe ido. Waɗannan miliyoyin da ake rubutawa a gaban sunan mutum abun da ya karɓa ne kawai, ba a cire abun da ya zuba. Wanda ke shiga gasar dala 100,000 sau da yawa a shekara zai iya cin miliyan 3 kuma a ƙarshen shekara ya zama bashi ake binshi, ga kuɗin jirgi ga otal, kuma yawancinsu ba da kuɗinsu kaɗai suke bugawa ba, sayar da kaso suke, wani ya sa rabi wani ya sa kwata, in an ci a raba. A irin waɗannan gasannin kusan kashi 15 cikin 100 ne ke samun ko da wani abu, sauran duk hannu rabbana suke tafiya. Sa'arsu ɗaya a Ayilan gwamnati bata karɓar haraji a kan abun da ɗan caca ya ci, daga wurin masu shagunan take karɓa.

Su waɗannan sauran Yaya ne ya san su, don shi ke kwasarsu daga ƙofar RDS ƙarfe biyu ƙarfe uku na dare. Yace min tun daga yadda mutum ya rufe ƙofar mota yake gane yadda aka kwashe. Wanda ya tsallake zuwa gobe surutu kaman rediyo, har ya bar maka canji. Wanda aka fitar kuma iri biyu ne, akwai mai shiru har a isa, akwai wanda zai kwashe hanya yana maka bayanin kati, wai ina da sarki biyu shi yana da kaza, kati ɗaya ya rage a duniya da zai cece shi kuma shi ya fito, Yaya yace shi ko sunan katin bai sani ba sai dai yayi ta cewa ayya. Yace wani ya taɓa ce mishi ya tsaya a na'urar cire kuɗi har wuri uku kafin a haɗa kuɗin mota. Ba ƙaramin abu bane a ƙasar, wani bincike da cibiyar binciken tattalin arziki da zamantakewa ta ESRI ta fitar a 2023 ya nuna kusan mutum 1 cikin manya 30 na fama da jarabar caca, wajen mutum 130,000 kenan a ƙasar da duka duka bata wuce mutum miliyan 5 da 'yan kai ba. Shi yasa a 2024 suka yi sabuwar doka, aka kafa hukumar sa ido a watan Maris na 2025, dokar ta tanadi hana tallan caca a talabijin da rediyo daga 5:30 na asuba zuwa 9 na dare, da hana yin caca da katin bashi, da rajistar da mutum zai sa sunanshi da kanshi a daina karɓar cacarshi. Mu ma dai ba baƙon abu bane a wurinmu yanzu, a 2024 Hisbah ta bi shagunan cacar ƙwallo a Kano tana rufewa, sai dai shagon yanzu a cikin waya yake, can da nan duk ɗaya. Kamfanin Paddy Power ɗin nan da aka kafa a 1988 shi ya rikiɗe ya zama Flutter, ya haɗiye kamfanin karta ta intanet PokerStars a 2020, kuma sunayen biyun ne manne a ko'ina a zauren, ofishinsu na Dublin kuwa a Clonskeagh yake, unguwa ɗaya da babbar cibiyar musulunci ta ƙasar.

Ranar Litinin ɗin Ista ita ce ranar teburin ƙarshe, ita ce kuma ranar babbar sukuwar Irish Grand National a Fairyhouse, rabin gari ya nufi can. Yaya ya huta da rana sai yace mu kuma mu yi kudu maso yamma, mu je Curragh a gundumar Kildare, ƙasa da awa ɗaya a mota. Fili ne shimfiɗaɗɗe kore shar wajen eka 5,000 babu shinge, tumaki na yawo har kan titi, ga filin sukuwa ga barikin soja ga gidajen horar da dawaki ta ko'ina. Duk mai son doki ya zo nan sai ya ji kaman kar ya tafi, dawakin nan dogaye ne sirara, an lulluɓe su da bargo saboda sanyi, ana kula da su fiye da yadda ake kula da wasu mutanen. A yankin nan ne mutumin da ya fi kowa suna a tarihin kartar Ayilan yayi harkar dawakinshi, Noel Furlong.

Shi fa Furlong ba ɗan karta bane na sana'a, kuma nan ne daɗin labarin yake. Ɗan kasuwa ne, kafet da shimfiɗar ƙasa yake sayarwa, kamfaninshi na juya miliyoyi. Ranar Kirsimeti ta 1937 aka haife shi. Kafin karta dawaki ne jarabarshi, a farkon 1991 dokinshi The Illiad ya ci wata babbar sukuwa a Leopardstown ya kwashi kuɗin masu karɓar caca har suka ji a jikinsu, sai ya ɗauki ribar ya nufi Cheltenham a Ingila a watan Maris, wai sai da ya fara biyan hukumar kwastan ta Ingila bashin harajin da take binshi, ana cewa fam 500,000, kafin ya iya taka ƙasar. Ya zuba a kan wani dokin nashi Destriero, doki ya ci, ya tashi da sama da fam miliyan 1. Ya kuma haɗa cacar da The Illiad a babbar sukuwar ranar, da shima ya ci da an daɗe ana jinyar masu shagunan, sai dokin ya zo can baya.

Terry Rogers ne ya jawo shi karta, ya ci Irish Open a 1987 da 1989, kuma salon wasanshi ba na lissafi bane, tura kwabbai kawai yake yana tsorata mutane, don mutumin da ya saba ɗora dubban ɗaruruwa a kan doki ba zai ji tsoron kati biyu ba. A 1999 ya je Las Vegas yana da shekara 61, mutum 393 suka shiga kowa ya biya dala 10,000, kuma da aka zo bakwai na ƙarshe uku 'yan Ayilan ne, George McKeever ya zo na 7, Padraig Parkinson sarkin barkwancinsu ya zo na 3, ga manyan Amurka irin su Huck Seed da Erik Seidel duk an tashe su. Aka bar Furlong da Alan Goehring. Hannun ƙarshe Furlong na riƙe da kati mai lamba biyar guda biyu, Goehring na riƙe da mai lamba shida guda biyu, wato Goehring ne a gaba, aka buɗe tsakiya sai ga sarauniya biyu da biyar, biyar ɗin Furlong ta zama uku ya wuce gaba. Shikenan. Mai kafet ya zama zakaran duniya da dala miliyan 1, har yau kuma babu ɗan Ayilan da ya sake cin wannan babbar gasar. Ya dawo gida ya ci gaba da sayar da kafet da kiwon dawaki, bai zama ɗan yawon gasa ba, sai jefi jefi ake ganinshi a tebur har ya rasu a 2021.

Muna zaune a mota muna cin burodi da shayin fulas muka yi ta musu da Yaya a kan wannan. Shi yace sa'a ce kawai, biyar ta fito, da bata fito ba da ba wanda ya san shi. Ni kuma nace a'a Yaya, ba sa'a kaɗai bace, rashin tsoro ne, kuma rashin tsoron nan kafet ne ya saya mishi, don shi in ya rasa dala 10,000 Litinin zai buɗe ofis kaman ba a yi ba. Duba su duka mana, Rogers da Flood na da shagon caca, O'Dea ɗan gidan suna ne, Black na da karatun lauya, O'Kearney sai da ya gama gina rayuwarshi ya shigo. Wanda ke kallonsu yana cewa nima zan iya, da kuɗin haya a hannu yake zuwa, hannunshi na rawa tun kafin a raba kati, kuma irinsu Furlong warin wannan tsoron suke ji tun daga nesa. Yaya yace to malam lauya naji, sha shayinka mu tafi kar dare yayi min.

Washegari da safe na duba waya na ga yadda aka ƙare. Wani ɗan ƙasar ne ya ci, Simon Wilson, Yuro 600,000, an yi ta ihu da tuta don an ɗan kwana biyu baƙi na ɗauke musu kambun, 2023 ɗan Sukotland, 2024 ɗan Finland. An shiga gasar sau 4,562, haɗe da waɗanda aka fitar suka sake biya suka dawo, kafin wannan shekarar ba a taɓa tara haka ba a tarihinta. Sai na ɗauki kalkuleta. 4,562 sau 1,150 ya ba ni Yuro miliyan 5.2 da ɗoriya, abun da aka raba wa waɗanda suka ci kuma miliyan 4.4 da ɗoriya ne. Tsakaninsu akwai kusan Yuro 800,000 da ya tsaya a wurin masu shiryawa, a ciki za a biya hayar zaure da masu raba kati da ma'aikata, wannan gaskiya ne, amma dai ya fi abun da zakaran ya ɗauka, kuma wannan gasa ɗaya ce cikin gommai da aka buga a kwanakin. Na nuna wa Yaya lissafin yana cin ƙosan da matarshi ta soya, ya duba yace to ni a daren jiya Yuro ɗari uku da wani abu na haɗa kuma ba wanda ya tashe ni daga kujerata, miƙo min yajin nan.